KUNNE DA 'YAR LASIFIKARSA: YADDA ZA KA HAƊA ABIN SAURARO DAIDAI DA KUNNENKA

GABATARWA

A zangon karatun da ya gabata wani ɗalibina ya same ni a ɗakin gwaje-gwaje da wayoyin sauraro guda biyar a hannunsa, irin waɗanda matasa suke kira iyafis, dukkansu sun daina aiki. Ya ce yana so ya san ko za a iya fitar da mai rai guda daga cikin matattun nan biyar. Na ce masa ana iyawa, har ma a sami wanda ya fi na kanti zama a kunne, amma da sharaɗi ɗaya: kafin ya taɓa waya ko dalma, sai ya zana mini kunnen ɗan Adam a kan allo, ya bayyana hanyar da sauti yake bi a cikinsa. Ya yi mamaki, domin a ganinsa wannan aikin masu gyaran rediyo ne, ba ruwan ilmin halittu da shi. Kafin mu gama aikin shi da kansa ya gane dalilin sharaɗin. Abin da ake sokawa a kunne rabin na'ura ne kawai. Ɗaya rabin shi ne kunnen kansa, kuma shi ne rabin da ba a sayar da kayan gyaransa a kasuwa.

Wannan darasi zai bi hanyar da muka bi ni da ɗalibin nan, watau mu fara da kunne, mu koma kan lasifika, sa'an nan mu shiga aikin hannu. Malaman da ke kula da ƙungiyoyin kimiyya a makarantun sakandare za su iya raba shi zuwa zama uku ko huɗu.

ASALIN NA'URAR

Mawaƙi ko makaɗin da ke kan dandamali gaban dubban mutane yana da wata matsala. Manyan lasifikoki suna fuskantar jama'a, amon ganguna da sowar 'yan kallo sun cika wurin, shi kuwa ba ya jin muryar kansa. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne a ajiye wasu lasifikoki a ƙasa suna fuskantarsa, sai dai wannan ƙara ce a kan ƙara. A shekarar 1995 wani mai kula da sauti na ƙungiyar mawaƙan Van Halen ta Amurka, Jerry Harvey, ya haɗa wa mai gangar ƙungiyar, Alex Van Halen, wani abin sauraro da aka ƙera daidai da siffar kunnensa. Daga wannan aiki ne kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Akwai waɗanda suka riga Harvey gwada dabarar, amma daga wannan lokaci ne ta bazu tsakanin mawaƙa, daga bisani ta shigo hannun sauran jama'a.

Ya kamata mai karatu ya riƙe dalilin ƙirƙirar na'urar tun daga nan. An yi ta ne domin ta toshe hayaniyar waje, ta yadda mutum zai ji abin da yake so ya ji ba tare da ya ƙure murya ba.

TAFIYAR SAUTI A CIKIN KUNNE

Sauti kaɗawar iska ce. Idan aka bugi kalangu, tantaninsa yana kai da komowa, yana tura iskar da ke kusa da shi, ita kuma ta tura ta gaba da ita, har abin ya iso kunne cikin saurin kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Yawan kaɗawa a daƙiƙa shi ake aunawa da ma'aunin hats, wanda aka raɗa wa sunan masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz. Kaɗawa kaɗan tana ba da kakkauran sauti irin na tambari, kaɗawa mai yawa kuwa tana ba da siririn sauti irin na sarewa. Lafiyayyen kunnen yaro yana jin daga hats 20 zuwa kimanin hats 20,000.

Kunnen waje yana tattara sautin a cikin kwarminsa, ya zura shi cikin kafar kunne. Tsawon kafar nan kimanin santimita 2.5 ne a jikin baligi, kuma tana da lanƙwasa biyu. Kashi ɗaya cikin uku na wajenta guringuntsi ne, kuma nan ne ake samar da dauɗar kunne, wadda take kama ƙura tana hana ƙwayoyin cuta sakewa. Sauran kashi biyun ƙashi ne da 'yar siririyar fata a kansa, shi ya sa taɓa wurin yake da zafi ƙwarai.

A ƙarshen kafar akwai dodon kunne, wani tantani da bai kai kaurin takarda biyu ba. Bayansa akwai 'yan ƙasusuwa uku da aka ba su suna saboda kamanninsu: guduma, da uwar maƙera, da likkafa. Likkafar nan ita ce mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin ɗan Adam, tsawonta kimanin milimita 3. Faɗin ɓangaren dodon kunne da ke kaɗawa ya ninka tafin likkafa kamar sau 17, kuma da wannan bambanci, haɗe da ɗan ƙarin da ƙasusuwan suke yi, ƙarfin turin yakan ninku kusan sau 20. Ana bukatar haka domin daga nan sautin zai bar iska ya shiga ruwa.

Ruwan yana cikin wata gaɓa mai kama da katantanwa, wadda ta naɗe sau biyu da rabi da 'yan kai, da za a warware ta kuwa za ta kai milimita 35. A cikinta akwai wani dogon tantani, a kansa kuma ƙwayoyin halitta masu ɗauke da 'yan gasu suke jere, kimanin 3,500 a layin ciki da kimanin 12,000 a layukan waje. Alfonso Corti ɗan ƙasar Italiya ne ya fara bayyana wannan tsari a 1851. Idan ruwan ya motsa, gasun suka lanƙwasa, sai ƙwayoyin su aika saƙo ta jijiyar ji zuwa ƙwaƙwalwa. Georg von Békésy ya nuna cewa kowane sauti yana da wurin da ya fi motsawa a jikin tantanin: siririn sauti a bakin katantanwar, kakkaura kuwa can ƙuryarta. Wannan bincike ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961.

ƊAN LISSAFI

Kafar kunne bututu ce mai buɗaɗɗen baki da rufaffen gindi. Duk wanda ya taɓa hura bakin kwalba ya san irin wannan bututu yana da sautin da ya fi amsawa. Ana samun sautin ta hanyar raba saurin sauti da ninki huɗu na tsawon bututun:

340 ÷ (4 × 0.025) = hats 3,400

Idan aka auna a kunnen gaske akan sami kusan hats 3,000 ko ƙasa kaɗan, domin kwarmin kunne yana ƙara wa bututun tsawo. Ma'anar wannan ita ce, kunnenka da kansa yana ƙara wa sautukan da ke wajajen hats 3,000 ƙarfi, kuma ƙwaƙwalwarka ta saba da haka tun kana jariri.

To, da zarar ka toshe kafar da abin sauraro, bututun ya zama rufaffe ta kowane ɓangare, wancan ƙarin ya ɓace. Idan abin da ya rage tsakanin bakin na'urar da dodon kunne santimita 2 ne, sabon lissafin zai zama:

340 ÷ (2 × 0.02) = hats 8,500

Saboda haka masu ƙera waɗannan na'urori suke tsara su yadda za su mayar da ƙarin da aka rasa a wajajen hats 3,000, in ba haka ba murya sai ta fito kamar daga cikin randa. Saboda haka ne kuma na'ura ɗaya takan yi wa wani daɗi ta yi wa wani tsini, domin tsawon kafar kunnuwansu ba ɗaya ba ne.

'YAR LASIFIKAR

Lasifikokin da ake sawa a waɗannan na'urori iri biyu ne suka fi yawa. Iri na farko ƙanen lasifikar rediyo ne: maganaɗisu, da naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, da tantanin roba manne da naɗin. Idan lantarki mai kai da komowa ya bi ta naɗin, sai naɗin ya riƙa matsowa yana ja da baya gaban maganaɗisun, tantanin ya bi shi, iska ta kaɗa. Faɗin irin wannan yakan kasance milimita 6 zuwa 10, kuma shi ne a cikin yawancin iyafis na kasuwa. Iri na biyu ya fito ne daga na'urorin taimaka wa masu raunin ji. A cikinsa wani ɗan harshen ƙarfe ne yake rawa tsakanin maganaɗisu biyu, yana tura tantani ta wani ɗan tsinke. Kamfanin Knowles na Amurka da Sonion na Denmak sun yi fice wajen ƙera shi. Ya fi ƙanƙanta, ya fi tsada, kuma zafi kaɗan yake kashe shi. Mai koyo ya fara da na farko.

Abin da ɗalibina bai sani ba shi ne, yawancin iyafis da ake zubarwa lasifikarsu lafiya lau take. Wayar ce take tsinkewa ta ciki, galibi a gindin fulogi inda take yawan lanƙwashewa. Daga cikin biyar ɗin nan da ya kawo mun sami lasifikoki bakwai masu rai.

KAYAN AIKI

1. Lasifikoki biyu iri ɗaya, daga iyafis guda.
2. Lafiyayyiyar waya mai fulogi na milimita 3.5.
3. Mitar auna lantarki, da dalma, da ƙarfen narka ta mai siririn baki, irin na masu gyaran waya.
4. Garin aga, wanda muke renon ƙwayoyin cuta a kansa a ɗakin gwaje-gwaje.
5. Rezin, watau ruwan roba mai daskarewa idan hasken da ya zarce shuɗi ya taɓa shi. A nemi wanda aka yi domin na'urorin kunne, kada a yi amfani da na kayan ado.
6. Fitilar busar da farce ta masu kwalliya, ko hasken rana.
7. Kakin zuma, da glisarin, da sifirit, da samfefa mai laushi, da siririn tiyo, da ɗan abin huji, da safar hannu.

MATAKAN AIKI

Mataki na 1: Ɗaukar samfurin kunne. Wannan ne kaɗai matakin da ba a yi a gida. Ma'aikacin sashen kunne na asibiti, kamar Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, zai fara haska kafar ya tabbata babu ciwo, babu toshewar dauɗa, kuma dodon kunne bai huje ba. Sa'an nan ya tura ɗan soso mai zare ya tsaya bayan lanƙwasa ta biyu, ya zuba silikon mai laushi, ya jira 'yan mintoci ya daskare. Likitoci sun sha ba da rahoton mutanen da aka zuba wa silikon ba tare da wannan kariya ba, ya wuce ta hujin dodon kunne ya naɗe 'yan ƙasusuwan nan uku, sai da tiyata aka fitar da shi. Akan sa mutum ya ciji wani abu bakinsa a ɗan buɗe, domin gaɓar muƙamuƙi tana jingine da kafar kunne. Sa ɗan yatsanka a bakin kunne ka buɗe baki, za ka ji kafar tana sauya siffa.

Wanda bai sami zuwa asibiti ba yana iya tsayawa a kwarmin waje kawai: ya murza silikon ya cika kwarmin ba tare da ya tura shi cikin kafa ba, ya bar bakin tsohuwar iyafis da robarta su yi aikin shiga ciki.

Mataki na 2: Gyaran samfur. A yanke ɓangaren kafa ya tsaya kaɗan bayan lanƙwasa ta biyu, a goge kaifi da samfefa, a tsoma samfurin cikin narkakken kaki sau ɗaya a fitar da sauri. Kakin yana cike ƙananan ramuka, yana kuma ƙara ɗan kauri da zai sa na'urar ta kama kunne.

Mataki na 3: Mazubi. A dafa aga mai kauri. Yana narkewa a wajajen digiri 85 a ma'aunin Salshiyos, amma ba ya daskarewa sai ya sauko wajajen digiri 40, kuma wannan tazara ita ce amfaninsa a nan. A bari ya huce har ya kusa daskarewa domin kada ya narkar da kakin, a kafa samfurin a gindin ɗan kofin roba, a zuba agan ya rufe shi. Idan ya daskare a zare samfurin a hankali. An sami rami mai siffar kunnenka, a cikin abin da haske yake iya ratsawa.

Mataki na 4: Kwanso. A sa safar hannu, a cika ramin da rezin, a rufe samansa da baƙar takarda, a haska daga gefe da ƙasa. Rezin da ke jikin bango shi ne zai fara daskarewa. Abin da ake nema kauri ne na kamar milimita 1 zuwa 1.5, kuma tsawon lokacin ya danganta da ƙarfin hasken, don haka a fara gwadawa da ɗan lokaci a riƙa ƙarawa. A juye sauran ruwan, a sake haskawa. Iska tana hana fuskar rezin gama daskarewa, ta bar shi da danƙo, maganin wannan kuwa shi ne a nutsar da kwanson cikin glisarin a yi masa hasken ƙarshe, sa'an nan a wanke da sifirit. Rezin da bai gama daskarewa ba yana jawo ƙaiƙayi da borin fata wanda kan zame wa mutum jiki, saboda haka kada a sa kwanso mai danƙo a kunne ko da gwaji ne.

Mataki na 5: Haɗa waya. Fulogi mai gaɓa uku tsarinsa haka yake: tsinin na kunnen hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindin kuma shi ne hanyar komawar lantarki ta duka biyun. A gano kowace waya da mita. Lafiyayyiyar lasifika takan nuna wajajen om 16 zuwa 32. Siraran wayoyin suna da fenti a jikinsu, sai an ƙona shi da ɗigon narkakkiyar dalma kafin su kama. Kada bakin ƙarfen ya wuce daƙiƙa biyu a kan lasifika. A gwajina na farko na daɗe ina gyara ɗigon dalma domin ya yi kyau, da na ɗaga hannu ashe wayar naɗin ta riga ta saki ta ciki, lasifikar ta mutu. A kuma tabbata an haɗa hagu da dama ta fuska ɗaya. Idan aka juya ɗaya, tantani guda zai riƙa turawa lokacin da ɗan'uwansa yake ja, muryar mai magana ta kasa tsayawa a tsakiyar kai.

Mataki na 6: Rufewa. A huda bakin kwanson, a manna tiyo daga fuskar lasifika zuwa hujin, tsawonsa ɗaya a kunnuwan biyu. A liƙe kewayen lasifikar yadda iskar gabanta ba za ta haɗu da ta bayanta ba, in ba haka ba kakkauran sauti zai gudu. A yi murfi da rezin, a bar 'yar kafa kamar bakin allura domin lasifikar ta sami numfashi, a ƙulla wayar ta ciki domin kada fizga ta kai ga dalma, a goge ko'ina ya yi santsi.

Mataki na 7: Gwaji. A mayar da murya ƙasa gaba ɗaya kafin a sa a kunne, sa'an nan a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Idan wani wuri yana ciwo bayan minti goma, a cire a goge wurin. Za ka ji muryarka da taunarka sun yi kauri a cikin kanka. Wannan ba laifin aikin ba ne: sautin da ke bi ta ƙashin kai ne ya rasa hanyar fita.

ABIN DA BA YA DAWOWA

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma duk ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin da ke isa kunne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa biliyan 1.1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. A 2019 ita da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ma'auni: baligi kada ya wuce awa 40 a mako a kan desibel 80, yaro kuwa awa 40 a kan desibel 75. Ga yadda lokacin baligi yake raguwa:

Desibel 80: awa 40 a mako
Desibel 83: awa 20
Desibel 86: awa 10
Desibel 89: awa 5
Desibel 92: awa 2 da rabi
Desibel 95: minti 75

Ƙara mai yawa tana gajiyar da ƙwayoyin nan masu gashi, idan abin ya daɗe su mutu. A 1988 masana suka tabbatar da cewa tsuntsaye suna iya sake tsirar da waɗannan ƙwayoyi bayan ƙara ta lalata su. Ɗan Adam da sauran dabbobi masu shayarwa ba su da wannan baiwa. Kaza ta fi mu a nan.

Ɓarnar takan fara ne a wajajen hats 4,000, kusa da wurin nan da kafar kunne take ƙara wa ƙarfi. Mutum ba ya farga da wuri, domin wasula da karin murya suna can ƙasa, yana jin su sarai. Abin da yake fara kuɓuce masa baƙaƙe ne masu siririn sauti. Sai ka ga ɗalibi a ƙarshen aji ya kasa bambanta sara da shara da tsara da fara, yana jin malam yana magana amma bai san me ya ce ba, a yi ta yi masa faɗa a kan rashin natsuwa. Ƙugin da kunne yake yi bayan an dawo daga biki ko daga wurin injin niƙa gargaɗi ne daga waɗannan ƙwayoyi.

A nan ne amfanin aikinmu yake. Ɗalibin da yake sauraron darasi ko karatu kusa da janareta yakan ƙure murya ne domin ta rinjayi ƙarar injin. Kwanson da ya zauna daidai yana iya rage hayaniyar waje da wajajen desibel 20, saboda haka ana iya ji sarai da murya ƙasa ƙasa. Amma wanda ya toshe kunne sa'an nan ya ƙure murya ya juya maganin ya zama cuta, domin duk ƙarfin yana zuba ne a ɗan wurin da bai kai cikin ƙaramin cokali ba. Haka kuma ba a sa irin wannan na'ura a kan titi ko a kan keke da babur, ba a ba wani aro, kuma a riƙa goge ta da barin kunne ya sha iska, domin zafi da danshi abincin ƙwayoyin cuta ne.

KAMMALAWA

Ɗalibina yana amfani da na'urarsa har yanzu. Abin da ya faɗa mini bayan mako guda shi ne, a da yakan kai muryar wayarsa ƙarshe idan an tada janareta, yanzu kuwa ba ya kaiwa rabi. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Shi ma kunnen yana bukatar mai tsirar da shi, kuma ba shi da kowa sai mai shi.

TAMBAYOYI DOMIN ƊALIBAI

1. Kafar kunnen jariri ta fi ta baligi gajarta. Idan tsawonta santimita 1.4 ne, wane sauti za ta fi amsawa?
2. Me ya sa ake ɗaukar samfurin kunne baki yana ɗan buɗe?
3. Bisa tsarin da ke sama, minti nawa baligi zai iya sauraro a mako a kan desibel 98?
4. Ku jera wurare biyar a unguwarku da sai an ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa ya ji, ku faɗi su wane ne suke wuni a wurin.